WAƘAR ƘURI'A: LABARIN TURAWAN DA SUKA ZUBA KALMOMI CIKIN JAKA

Ko wane mai waƙa ya san abin da ya fi ba da wahala wajen tsara baiti shi ne ƙarshensa. Ma'ana takan zo wa mutum a zuciya ba da wata wahala ba, amma kalmar da za ta rufe layi, ta dace da 'yan'uwanta na sama da na ƙasa, watau ƙafiya, ita ce mai hana malami barci. Sau da yawa mawaƙi yakan yi niyyar faɗin abu kaza, ƙafiya ta ƙi, ta ja shi ya faɗi wani abu dabam. To, a ƙasar Faransa an yi waɗansu mutane da suka ga tun da ya ke kalma tana da wannan ƙarfi, bari su sakar mata linzami su ga inda za ta kai su. Daga wasa abin ya fara, har ya kai ga faɗa da karya hannu, kuma an ɗauki fiye da shekara 300 ana jayayya a kansa.

Asalin abin, bisa ga yadda wani malami mai suna Gilles Ménage ya ba da labari, wani mawaƙi ne a birnin Faris wanda a ke kira Dulo, ana rubuta sunan Dulot. Ba shi da wani suna cikin mawaƙa. Wata rana, cikin shekarar 1648, ya zo cikin jama'a yana kuka wai ɓarayi sun shige shi sun kwashe masa takardu, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne waƙoƙi 300 da suka tafi da su. Irin waƙar da ya ke nufi ita ce wadda Turawa ke kira sonet, gajera ce, layi 14 ba ƙari ba ragi. Mutane suka yi mamaki, gama ba wanda ya taɓa zaton Dulo ya yi ko talatin, balle ɗari uku. Da aka matsa masa da tambaya sai ya ce ai ba ya gama su ba ne, ƙafiyoyinsu kawai ya jera a gefen takarda, ya bar sauran layin fili, in ya sami sukuni ya cike. Watau ɓarawo ya saci gidan da ba a gina ba, sai ƙyamare ɗari uku a jingine. Aka yi ta dariya. Amma kafin shekara ta kewayo, masu dariyar nan su ne suka duƙufa kan abin. In manyan gari sun taru hira da dare, sai wani ya kawo kalmomi masu ƙafiya ɗaya waɗanda ba abin da ya haɗa su, a ce kowa ya yi waƙa da su, kada ya sāke jerinsu, kada ya bar ko ɗaya. Suka sa wa wasan suna bu-rime, ma'anarsa ƙarshen layi mai ƙafiya. Cikin 1649 har an buga littafin irin waɗannan waƙoƙi.

Don mai karatu ya gane yadda wasan ya ke, a ɗauka an ba mutum biyu kalmomi huɗu: tsintsiya, rijiya, tsamiya, gaskiya. Na fari mai barkwanci ne, sai ya ce:

Wata amarya ta ɓad da tsintsiya,
Ta ce akuya ta jefa ta rijiya,
Aka bi sawu har gindin tsamiya,
Nan aka gane ba ta son gaskiya.

Na biyu kuwa dattijo ne mai son gargaɗi, sai ya ce:

Ku haɗa kai ku zama tsintsiya,
Kada ku haƙa wa juna rijiya,
Ƙauna inuwa ce ta tsamiya,
Ba ta tsayuwa sai da gaskiya.

Kalmomin ɗaya ne, jerin ɗaya ne, amma kowa ya nuna halinsa. Daɗin wasan ke nan, kuma iyakar abin da kalmomin suka yi nesa da juna, iyakar gwanintar wanda ya ɗaura musu aure. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san waƙar Larabci. Larabawa suna da abin da su ke kira ijaza, wani ya faɗi rabin baiti, ya ce wa abokinsa ya cika nan take. Masu tarihin Andalus sun ce ta haka Mu'utamid, wanda ya yi sarautar Ishbiliya daga 1069 zuwa 1091, ya sami matarsa: ya jefa wa abokinsa Ibn Ammar rabin baiti a bakin kogi, abokin ya tsaya tunani, wata baiwa mai wanki ta riga shi cikawa, sai ya fanshe ta ya aure ta. Tahamisin da malaman ƙasar Hausa ke yi wa waƙoƙin magabata shi ma ɗan'uwan wannan ne, gama mai tahamisi ba shi ya zaɓi ƙafiyarsa ba, tarar da ita ya yi. Bambancin kawai, su waɗannan suna gina kan magana mai ma'ana, Faransawa kuwa da gangan su ke neman kalmomin da ba su ga maciji da juna.

Wajen 1653 abin ya kai maƙura. Akun wata babbar mace a fada, Madam du Plessis-Bellière, ya mutu. Nicolas Fouquet, wanda ke cikin masu riƙe da dukiyar ƙasar Faransa a lokacin, ya yi wa akun waƙar ta'aziyya a kan ƙafiyoyi 14 na banza, cikinsu har da tukunya, da buta, da gemu, da rigar limamin coci. Da ya ke mai riƙe da baitulmali ne, duk mawaƙin da ke neman abin sawa a baka sai ya ɗauki ƙafiyoyin nan ya yi wa aku kuka. Tsuntsun ya sami makoki irin wanda jarumawa da yawa ba su samu ba. Wani mawaƙi mai suna Jean-François Sarasin abin ya ishe shi, ya tsara wata doguwar waƙa ta ba'a, ya mai da ƙafiyoyin nan 14 sarakunan yaƙi, Dulo ne shugabansu, suka kawo wa Faris hari, rundunar waƙar kirki ta fito ta karkashe su. Mutane suka yaba, aka ce bu-rime ya mutu. Sarasin ne ya rasu cikin 1654, wasan kuwa ya ci gaba. A birnin Tulus wata ƙungiya da a ke kira Masu Fitila, don da dare su ke taruwa kowa da fitilarsa, sukan ba da ƙafiyoyi ko wace shekara, galibi don yabon Sarki Luwi na 14, wanda ya ci a ba shi lamba. A Ingila wani marubuci, Joseph Addison, ya zage wasan cikin jaridarsa a 1711, ya lissafa shi cikin hikimar ƙarya. Duk da haka ya shiga gidajen Ingilishi, har 'ya'yan gidan Rossetti, waɗanda biyu daga cikinsu suka zama manyan mawaƙa, da shi suka wasa alƙalaminsu suna samari. Cikin 1864 Alexandre Dumas, mashahurin mai rubuta labaru, ya buga waɗansu ƙafiyoyi a jarida ya gayyaci duk mawaƙan Faransa. Mutum 350 suka amsa, ya tara waƙoƙinsu ya buga littafi a 1865.

A lura, duk cikin wannan zamani ba wanda ya ce ƙuri'a ita ke yin waƙa. Ƙuri'a tana haƙa rami ne, mawaƙi ya nuna tsalle. Wani wanda ya kawo zancen a bar kalmomi su jera kansu da kansu, don ba'a ya kawo shi. Jonathan Swift, cikin littafinsa na tafiye-tafiyen Gulliver wanda aka buga a 1726, ya siffanta wata makaranta ta wawayen malamai. Ɗaya daga cikinsu ya ƙera wani babban firam, ƙafa 20 ko wane gefe, cike da 'yan gutattakin itace, ko wane an manna masa kalma. Almajirai 40 su kama mariƙai su juya gaba ɗaya, kalmomi su birkice, 36 su bi layi suna neman inda kalma uku ko huɗu suka haɗu da ma'ana, sauran huɗun su rubuta. Awa shida a ke yi kullum, malamin yana fatan ta haka jahili zai rubuta littafin ilmi ba tare da karatu ba. Swift ya tabbata ba mai hankalin da zai yi wannan.

Shekara 190 bayan haka masu hankali suka yi, kuma abin da ya kai su yaƙi ne. Cikin watan Fabrairu na 1916 Yaƙin Duniya na Farko yana cikin shekararsa ta biyu. A watan ne Jamusawan da ke kan dutsen Mora, a arewacin Kamaru, suka miƙa wuya ga rundunar da sojan Nijeriya ke ciki. A watan ne kuma aka fara gwabzawa a Verdun, inda Faransa da Jamus suka yi wata goma suna zubad da jinin samarinsu a kan 'yan tuddai kaɗan. Ran 1 ga Yuli na shekarar, a bakin kogin Somme, Ingila ta rasa soja fiye da 19,000 cikin yini ɗaya. Ƙasar Suwizalan ba ta shiga yaƙin ba, sabo da haka birnin Zurik ya cika da 'yan gudun hijira, da masu ƙin aikin soja, da masu shirin juyin mulki. Ran 5 ga Fabrairu wani Bajamushe, Hugo Ball, da abokiyar zamansa Emmy Hennings, suka buɗe wani ɗan ɗakin wasa a bayan wata mashaya, suka sa masa suna Cabaret Voltaire. Lenin, wanda ya karɓi mulkin Rasha a shekara mai zuwa, a kan titin nan ya ke haya, 'yan gidaje kaɗan tsakaninsu.

Samarin da suka taru a ɗakin nan daga ƙasashe dabam dabam su ke, waɗansu ma ƙasashensu suna yaƙi da juna. Abin da ya haɗa su shi ne fushi. Sun ce Turai ta yi shekaru tana fahariya da hankali da ilmi da iya magana, ga inda suka kai ta. Da kyawawan jimloli aka rubuta takardun shelar yaƙi. Da kyawawan jimloli jaridu ke kiran kisa jarunta. Mawaƙa kuma, a ko wane ɓangare, sun tsara baitoci masu daɗin ƙafiya suna zuga yara su tafi su mutu. In haka ne, in ji su, magana mai tsari ta zama abin zargi, sai a wargaza ta. Ball ya sa rigar kwali ya hau dandamali yana rera sautukan da ba na ko wane harshe ba. Mutum uku suka karanta waƙa ɗaya lokaci guda, wannan da Jamusanci, wannan da Faransanci, wannan da Ingilishi, ba mai jin wani. Hans Arp, mai zane, ya yayyaga takarda ya saki gutattakin suka faɗi ƙasa, ya ce ga yadda hoton zai zauna. Suka sa wa ƙungiyarsu suna Dada. A Faransanci dokin wasan yara ke nan, a harshen Romaniya kuwa kamar a ce i, i. Waɗansunsu sun ce ƙamus aka buɗe a kan ka aka ci karo da kalmar, kuma har suka tsufa suna gardamar wanda ya buɗe.

Mafi tsiwa cikinsu wani ɗan gajeren saurayi ne Bayahude daga Romaniya, mai sa tabarau a ido ɗaya. An haife shi a 1896, sunansa na yanka Samuel Rosenstock, amma ya raɗa wa kansa Tristan Tzara. Yadda a ke furta sunan daidai ya ke da kalmar Hausa tsara, abin dariya kuwa, shi ne mutumin da ya fito ya ce a daina tsarawa. Bayan yaƙi, cikin Janairu na 1920, ya koma Faris, inda waɗansu samarin mawaƙa, André Breton da Louis Aragon da abokansu, ke jiransa kamar ruwan farko. Mako guda da isowarsa aka yi taro, aka yi shela zai karanta waƙa. Ya hau ya ɗauko jawabin wani ɗan majalisa ya shiga karantawa, abokansa suna kaɗa ƙararrawa a bayan labule don kada a ji ko kalma ɗaya. Jama'a suka yi ta ihu da zagi, su kuwa abin da su ke nema ke nan.

A cikin shekarar ne ya buga dabarar da sunansa ya zauna a kanta. Ya ce wanda ke son yin waƙa ya nemi jarida da almakashi. Ya zaɓi labarin da tsawonsa ya yi daidai da waƙar da ya ke so, ya yanke shi, sa'an nan ya yanke ko wace kalma ita kaɗai. Ya zuba su cikin jaka, ya girgiza a hankali, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, yana kwafewa yadda suka fito, kada ya gyara kome. A ɗauka jarida ta ce: Sarkin kasuwa ya ce farashin gero ya sauka bana saboda ruwan sama ya wadata. Kalma 14 ke nan. In an girgiza, mai yiwuwa su fito haka:

Farashin sama ya bana
Saboda sarkin gero ce
Ya ruwan kasuwa
Wadata sauka ya.

Mafi yawansa shirme ne, ba mai musu. Amma mai karatu ya duba zuciyarsa, zai ga ta riga ta tsaya a kan sarkin gero tana tambayar wane ne shi, ta kuma tsaya a kan farashin sama tana tunanin ko nawa za a saye shi. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya ganin kalma biyu a jere ta ƙyale su, sai ta nema musu dangantaka. Tzara ya ƙare dabararsa da tabbatar wa mai jaka cewa waƙar za ta yi kama da shi, kuma ya zama marubuci mai hazaƙa wanda jama'a ba su gane ba. Ba'a ya ke yi wa mawaƙan da ke ɗaukar kansu annabawa. Duk da haka akwai gaskiya cikin ba'ar, gama mutum shi ya zaɓi jaridar, shi ya zaɓi labarin, shi ne kuma zai duba abin da ya fito ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba.

A nan jayayyar ta ke, kuma ba ƙarama ba ce. In jaka da almakashi sun isa, to, wanda ya yi shekara ashirin yana koyon awon baiti ya yi asarar ƙuruciyarsa, kuma ba sauran dalilin da zai sa a fifita wata waƙa a kan wata. Tzara bai ji tsoron wannan ba, gama rushewa ya zo yi. Breton kuwa yana son a gina wani abu a kan kufan. Ya yi karatun likita, ya yi aiki a asibitin sojan da yaƙi ya taɓa wa hankali, ya kuma gaskata cewa a ƙarƙashin tunanin da mutum ya sani akwai wani tunani ɓoyayye, irin wanda ke fitowa cikin mafarki. A ganinsa amfanin ƙuri'a shi ne ta shammaci mai gadin ƙofa, ɓoyayyen ya fito. Sarki biyu ba su zama gari ɗaya. Ran 6 ga Yuli 1923, ana nuna wani wasan kwaikwayo na Tzara a wani gidan wasa a Faris, Breton ya haye dandamali ya kai wa wani marubuci, Pierre de Massot, duka da sanda, ya karya masa hannu. Aka farfasa fitilu da kujeru, 'yan sanda suka shigo suka fitad da masu rigima. Daga ranar Dada ta watse. Cikin 1924 Breton ya kafa tasa ƙungiya, wadda a ke kira Suriyalis.

Su ma ba su rabu da wasan ba, sai dai suka sāke masa kama. Cikin 1925, a wani gida a titin Château, suka ɗauko wani tsohon wasan yara. Mutum na fari ya rubuta suna a takarda ya naɗe, na biyu ya rubuta siffa bai ga abin da ke sama ba ya naɗe, na uku ya rubuta aikatau, haka har jimla ta cika, sa'an nan a warware a karanta. Kalmomi biyu na farkon jimlar da suka fara samu, watau gawa mai kyan gaske, su suka zama sunan wasan har yau. Wannan ya fi jakar Tzara daɗin karatu, dalili kuwa a fili ya ke: ƙashin jimlar yana nan daram, mai aiki a wurinsa, aiki a wurinsa, naman kawai aka bar wa ƙuri'a. Jimla takan fito lafiyayya a nahawu, mahaukaciya a ma'ana, kuma wannan ya fi sa dariya da tunani bisa ga tarin kalmomin da ba su da kai ba su da gindi.

Masu injin lissafi na farko su ma wannan hanya suka bi. Cikin 1952, a jami'ar Mancesta ta Ingila, Christopher Strachey ya shirya wa kwamfutar wurin ƙasusuwan jimloli da jerin kalmomin so da ƙauna, injin yana cike gurabe da ƙuri'a, yana fitad da wasiƙun soyayya waɗanda ba wanda ya aika, ba wadda aka aika wa. Cikin 1959, a birnin Stuttgart na Jamus, wani ɗalibi mai suna Theo Lutz ya ɗebi sunaye 16 da siffofi 16 daga wani littafin Franz Kafka, ya ba wata kwamfuta mai suna Z22, ta riƙa aurad da su. Firam ɗin da Swift ya ƙaga don ba'a ya tabbata, sai dai lantarki ya karɓi aikin almajirai arba'in. Injunan da suka zo daga baya, masu koyo daga ɗimbin rubuce-rubucen mutane, aikinsu ya bambanta, gama auna kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya su ke yi, amma ko su an bar musu 'yar ƙuri'a a wajen zaɓi, don kada su riƙa maimaita amsa ɗaya.

A cikin 1959 ɗin nan dai, a wani ƙazamin masauki mai araha a Faris, wani mai zane, Brion Gysin, wanda ya daɗe a Tanja ta ƙasar Maroko, yana yankan kwali da wuƙa, ya shimfiɗa jaridu a ƙasa don kada ya ɓata tebur. Wuƙar ta ratsa jaridun. Da ya ga rabin wannan labari ya haɗu da rabin wancan, ya karanta, dariya ta kama shi. Ya nuna wa abokinsa William Burroughs, marubuci ɗan Amurka, shi kuwa ya ɗauki abin da gaske ƙwarai. Ya ce masu mulki da masu talla da kalmomi su ke ɗaure mutane, almakashi kuwa shi ne mai yanke igiyar. Ya rubuta littattafai uku ta wannan hanya, masu wuyar karatu ainun. Su huɗu suka buga littafin farko na yanke-yanke a 1960, amma ɗaya daga cikinsu, Gregory Corso, ya ƙara bayani a ƙarshe yana cewa shi bai yarda da abin ba, waƙarsa daga ransa ta ke fitowa. Daga wurin Burroughs dabarar ta shiga hannun mawaƙan garmaho, David Bowie ya yi amfani da ita wajen shirya waƙoƙinsa tun daga 1974. Cikin 1993 wani mutumin Minneapolis a Amurka, Dave Kapell, ya manna yankakkun kalmomi a kan mayen ƙarfe don kada atishawa ta watsa masa su, ya liƙa a jikin firji, baƙinsa suka riƙa jera su suna dariya, daga nan ya mai da abin sana'a ya sayad da akwatuna miliyoyi.

Wanda ya fi kowa wayo cikin wannan sha'ani shi ne Raymond Queneau. Da yana cikin jama'ar Breton, ya fita. Cikin 1961 ya buga wani littafi mai waƙa 10 kacal, ko wace layi 14. Ƙafiyar layin farko ɗaya ce cikin duka goman, haka ta na biyu, har zuwa ƙasa, ginin jimlolin kuma ya daidaita su. Sa'an nan aka tsattsaga ko wane shafi, ko wane layi ya zama ɗan zirin takarda mai buɗuwa shi kaɗai. Mai karatu yana iya ɗaukar layin farko daga waƙa ta uku, na biyu daga ta tara, yadda ya ga dama ko yadda yatsa ya faɗa, waƙa ta fito daidai. Goma sau goma har sau 14, watau waƙa 100,000,000,000,000. In mutum yana karanta ɗaya cikin ko wane minti, dare da rana ba ci ba barci, sai ya yi shekara fiye da miliyan 190 kafin ya gama. Amma Queneau da abokansa na ƙungiyar Oulipo, wadda suka kafa a 1960, sun ƙi a kira su masu ƙuri'a. Sun ce wanda ke rubuta duk abin da ya faɗo masa bawa ne ga ƙa'idodin da bai sani ba, gara mutum ya ɗora wa kansa ƙa'ida da saninsa. Suna da hujja, gama ko wace waƙa ta fita daga littafin nan tana tsayuwa ne sabo da wahalar da Queneau ya sha a kan layuka 140. Ya koma kan ƙafiyoyin Dulo ke nan, sai dai shi ya cike nasa.

Tzara yana raye duk aka yi waɗannan, yana zaune a Faris. Gysin ya ce sun haɗu, tsohon ya tambaye shi dalilin da ya sa samari ke sāke noman gonar da su suka gama nomewa tun 1920. Shi kansa ya daɗe da ajiye jaka. Ya rubuta waƙoƙi masu tsawo da nauyi, ya goyi bayan 'yan jamhuriya a yaƙin basasar Sifen, ya ɓuya a kudancin Faransa lokacin da sojan Hitila suka mamaye ƙasar, yana taimakon masu yi musu turjiya. Shekarunsa na ƙarshe kuwa ya ƙare su ne a kan waƙoƙin François Villon, wani mawaƙin Faransa na ƙarni na 15. Ya gaskata cewa Villon ya ɓoye sunayen mutane cikin baitocinsa, harafi nan harafi can, bisa wani tsari na asiri, ya kuwa cika takardu da ƙidayar haruffa yana tono su. Masana lissafi da suka duba aikin daga baya suka nuna cewa ta hanyar da ya bi ana iya tono irin sunayen nan daga kusan ko wane rubutu, dace ne kawai ya ke haɗa haruffan. Ya rasu cikin Disamba na 1963, yana da shekara 67, littafin bai fito ba, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse.